Ganuwa da Ƙofofi: Kundin Ɗaukar Shiri Daga Hunturu Zuwa Marka

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Yau muka sa hannu. Mu biyu ne kacal, ni da autanmu. Ni a kan kyamara, shi a kan sauti, in kuma zan tsaya in yi bayani sai ya haɗa duka biyun. Abin da na tsara a takarda ba shi da wuya: shiri goma sha biyu a kan ganuwar Kano da ƙofofinta, kowanne kada ya wuce minti goma sha biyar, a riƙa ɗorawa a YouTube duk mako biyu. In lissafin ya tafi yadda na yi shi, ƙarshen Mayu mun naɗe tabarma kafin damina ta kankama. Da gangan na zaɓi rani, don a tunanina ruwan sama ne kaɗai yake hana mai kyamara aiki a waje.

Da dutsen Dala na so mu buɗe. Na daɗe da hoton a kaina: kyamara ta faro daga Goron Dutse, ta biyo ta kan rufin gidajen cikin birni, ta tsaya a kan hasumiyoyin babban masallaci, muryata kuma tana cewa ga garin da Sarki Gijimasu ya fara zagayewa da ganuwa wajen shekara 900 da suka wuce. Mun hau da ƙarfe bakwai saura, muna rawar ɗari. Da gari ya gama wayewa sai muka nemi garin muka rasa. Hazo ya shanye komai. Goron Dutse da yake nan kusa ya koma inuwa-inuwa, masallaci kuwa sai dai ka nuna da yatsa ka ce can wajen yake. Rana ta fito fara fat kamar wata.

Ita ma kyamarar rikicewa ta yi. Ta yi gaba ta yi baya tana neman abin da za ta kafa wa ido, babu wani abu mai kaifi da za ta kama, sai da na mayar da ita saitin hannu.

Auta ya ce, "Yaya, mu jira zuwa tara, ƙila ya washe." Muka jira har goma da rabi. Na dai yi bayanina a tsaye, muka sauko.

Lahadi, 15 ga Disamba, da dare

Na zauna tacewa. Hoton dai ga shi nan, fari-fari, amma ana iya haƙuri da shi. Sautin ne ba ya moruwa ko kaɗan. Daga farko har ƙarshe bu-bu-bu kake ji kamar ana kaɗa bargo a bakin makirfo, muryata tana leƙowa tana nutsewa. A saman dutsen ba mu ji iskar ta kai haka ba, saboda kunnen mutum yana tace ta, makirfo kuwa duk abin da ya buge shi sai ya rubuta. Ɗan soson da aka sayar mana da shi a kai na cikin ɗaki ne, bai san jaura ba.

Laifina ne. Auta ya tambaye ni iyafis tun a gida, na ce ba sai mun ɗauka ba. Da yana saurare a lokacin, da tun a minti na farko mun gane. Daga yau ba a danna ɗauka sai abu yana kunnensa.

Asabar, 28 ga Disamba

Ƙofar Mazugal da Ƙofar Wambai. An samu sauti yau, kuma ba da tsada ba.

Abin da ake sa wa makirfo a iska wata riga ce mai gashi buzu-buzu. Gashin ne yake karya ƙarfin iskar kafin ta isa, murya kuma ta wuce abinta. Na tambayi kuɗinta na ji ba zan iya ba. Auta ne ya ce tunda Wambai za mu, mu duba wajen 'yan gwanjo. Muka sayi wata tsohuwar 'yar tsana mai gashi, telan unguwarmu ya farke ta ya ɗinka mana riguna biyu, babba da ƙarama, yana yi yana dariya. Ƙaramar ita muke sa wa ɗan makirfon da ake maƙalawa a wuya, sannan mu tura shi ƙarƙashin riga. Shadda mai sitaci tana ƙara in mutum ya motsa, don haka na koma sa yadi mai laushi ranar ɗauka.

Sauran dabarun ba sa cin ko kwabo. Mai magana ya ba iska baya, jikinsa ya zama katanga. In da hali a raɓe a jikin ƙofa ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, kuma a hunturu kullum daga arewa maso gabas take, ba sai an yi duba ba. A na'urar sautin akwai wani maɓalli da ke yanke duk ƙarar da ke ƙasa da 80 zuwa 100 a ma'aunin amo, inda rugugin iska ya fi zama. Wata biyu da sayen na'urar ban taɓa sanin amfaninsa ba.

Shiri na ɗaya ya hau jiya, da muryar da na sake ɗauka a ɗaki, na rufa da bargo. Buɗewar Dala na ajiye ta sai gari ya yi haske.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ƙofar Kabuga. Ta nan sojojin Ingila suka shiga Kano a Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Na samu wani dattijo da aka haifa a unguwar, ya yarda ya zauna da mu.

A nan na fara sauya ra'ayi game da hazo. Abin da ya ɓata min Dala shi ya gyara min fuskar Baba. Ƙurar da ke sama ta tace ranar, haske ya sauko a hankali ta ko'ina, babu inuwa mai duhu a ƙarƙashin hula, babu ƙyalli a goshi, kuma bai runtse ido ba ko sau ɗaya. Masu kuɗi manyan fararen yadudduka suke kafawa don su samu irin wannan hasken, mu Allah ya shimfiɗa mana shi a kan gari duka. Ashe hunturu lokacin hira ne da ɗaukar abu na kusa: tsagar bango, hannun magini, tsohon ƙyauren ƙofa. Hangen nesa ne ba nasa ba. Na juya jadawalin a kan haka.

Da na yi ƙorafin ƙura, Baba ya ce, "Kai ɗana, wannan ai ba komai. Wanda bai ga hazon da ke hana jirgi sauka ba bai ga hazo ba." Na ce masa ai daga Chadi take tasowa, daga wani busasshen kwari da ake kira Bodele a arewa maso gabashin Tafkin Chadi, inda dā ruwa ne. Ya ce to, baƙuwa ce ke nan, a yi haƙuri da ita.

Baƙuwar dai ta shiga inda ba a gayyace ta ba. Da na dawo gida na ga ɗigo-ɗigo guda biyar a sararin sama, wuri ɗaya a kowane hoto. Na canja gilashin kyamara a tsaye a bakin titi, ƙura ta sauka a kan sensa, wato ɗan allon da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Ba a ganin su sai an tsuke ƙofar haske zuwa wajen f/16, ni kuwa na tsuke saboda sama ta yi fari da yawa. Mai gyara ya goge min, ya kuma ja min kunne: kada in hura da baki, kada in goge gilashi da gefen riga, don ƙurar nan tana karce shi kamar yashi. Na sayi ɗan famfon roba na hura iska da buroshi mai laushi. Canjin gilashi kuma sai a cikin mota ko cikin jaka, bakin kyamara yana kallon ƙasa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ba a fita ba. Mura ta kwantar da Auta, ni kuma muryata ta dushe, leɓe duk ya tsage. Man kaɗanya da takunkumi sun shiga jakar aiki. Shiri uku ne a sama, ya kamata a ce huɗu.

Wani bakano da ke zaune a Jidda ya aiko min saƙo, wai hazon da ya gani a shirin Kabuga ya sa shi kewar gida har da ƙwalla. Ni da na kwana biyu ina ƙoƙarin rage shi a kwamfuta.

Asabar, 15 ga Maris, 15 ga Ramadan

Sanyi ya tafi ba sallama, zafi ya shigo tare da azumi. Ƙofar Na'isa muka je, muka makara, sai sha ɗaya muka kafa. Minti goma sha takwas da fara ɗauka wata alama ta fito a allo, kyamara ta kashe kanta. Jikinta kamar an sauke ta daga kan murhu. Na duba littafinta da dare: daga digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin zafi aka ƙera ta ta yi aiki. A bazarar Kano iskar da ke inuwa ma tana haura 40, balle baƙin ƙarfe a tsakiyar rana yana ɗaukar 4K, wato hoto mai tsananin kaifi.

Auta ya ce mu sa ta a kular ƙanƙarar mai sayar da lemo. Na hana, don in abu mai zafi ya shiga sanyi ya fito, raɓa ce za ta taru a cikinsa, a gudu daga zafi a faɗa ruwa. Muka kai ta inuwa, muka cire batir, muka bar murfin a buɗe, muka zauna muna kallon juna da busasshen baki.

Abin da muka tsayar: a sauko daga 4K zuwa 1080, tunda yawancin masu kallonmu a waya suke gani, da datar da suke lissafawa. A janye allon daga jikin kyamara don zafi ya samu hanyar fita. A riƙa ɗauka guntu-guntu, ana kashewa a tsakani. Lema a kan kyamara, ba a kaina ba. Batura kada su kwana a mota ko su sha rana. Fita kuma daga an idar da asuba, ƙarfe tara ta yi mana a gida. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sauran kwanakin azumi tacewa kawai zan yi, in wuta ta samu.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na karya dokar ƙarfe tara, saboda mutumin da zan yi hira da shi a Ƙofar Ɗan Agundi ya ce sai bayan sha biyu yake da sarari. Hirar ta yi daɗi, hoton kuwa abin tausayi. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma a 'yan kwanakin nan na ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakar ka sosai, haka za ta sake yi a ƙarshen Agusta. Wajen sha biyu da rabi inuwar mutum tana ƙarƙashin takalminsa. Idanun bawan Allah suka zama ramuka biyu baƙaƙe, farar rigarsa kuma ta ƙone fat, babu ko alamar aikin da ke wuyanta. Ita ma ganuwar ta baje kamar tulin ƙasa, don ba inuwar da za ta fito da siffarta. Ginin ƙasa hasken gefe yake so, na hantsi ko na bayan la'asar, a lokacin ne jan nan nasa yake fitowa.

Da na mayar da shi cikin ƙofar, inda inuwa take, Auta ya riƙe farin kwali yana mayar masa da haske a fuska, sai abin ya gyaru. Rabin hirar na farko dai zan rufe shi da wasu hotuna.

Shiri shida. Rabi ke nan, a lokacin da ya kamata a ce muna na tara.

Asabar, 24 ga Mayu

Wannan sai na rubuta shi dalla-dalla, don kada wata rana in gyara labarin ya zama na jarumta.

An yi yayyafi sau biyu a makon nan, sama ta ɗan wanke, na ce yau za mu biya bashin Dala. Muka hau bayan la'asar. Gari ya yi tsit, iska ta ɗauke, gumi kawai ake yi. Ina cikin saita kyamara wajen yamma Auta ya taɓa ni ya ce, "Yaya, dubi gabas." Ƙasan sama ya yi ja, jan ƙasa, daga wannan gefe zuwa wancan, samansa kuma baƙi ƙirin. Duk wanda ya tashi a nan ya san wannan. Laimar damina daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari ta gabas yake tasowa, kuma ƙura yake turowa gaba kafin ruwa.

Yaran da ke wasa a saman suka fara sauka da gudu. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin matakala ta ɗaga murya ta ce, "Samari, ku sauko haka nan, ba a jayayya da wannan." Na ce, "To Iya, yanzu." Ban sauko ba. Na juya kyamara gabas. Bangon ƙura yana tafiya yana haɗiye unguwa bayan unguwa, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ta cikin gilashi ba.

Aka yi walƙiya. Na ƙirga a zuci, kafin in kai goma tsawa ta iso. Sauti yana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, wato abin bai fi kilomita uku da mu ba. Ga mu a wuri mafi tsayi a cikin birni, ni da ƙafar kyamara ta ƙarfe, Auta da doguwar sandar makirfo a ɗage. Na san ƙa'idar sarai: in kana jin tsawa to tana iya samunka, kuma ba a komawa fili sai an yi rabin awa da jin ta ƙarshe. Na sani, na ƙara daƙiƙa arba'in.

Iskar da ta iso ba ta yi sallama ba. Faifan mayar da haske ya fizge daga jakar Auta ya yi sama, har yau ban san gidan wa ya sauka ba. Lema ta juye. Ƙafar kyamara ta tafi za ta kife, na cafke ta da hannu ɗaya. Iska na wahalar da mai kayan kara, mu ne yau. Muka sauko ido rufe da ƙasa, kyamara a cikin rigata, muka faɗa zauren wasu bayin Allah daidai lokacin da ruwan ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Umma ta ji labari daga bakin Auta kafin in shirya nawa. Ba ta yi faɗa da yawa ba. Cewa ta yi, "In kai ka ga za ka iya da ranka, shi wannan amana na ba ka." Ban samu abin cewa ba.

Daƙiƙa arba'in ɗin nan su ne mafi kyawun abin da na ɗauka tun Disamba, kuma ba zan sake tsayawa irin wannan tsayuwar ba. In ana son hadari, a ɗauke shi daga bakin zaure ko daga cikin mota.

Lahadi, 25 ga Mayu

Mun koma da asuba, da izinin Umma. Ruwan jiya ya wanke sama tas. Goron Dutse kamar ka miƙa hannu ka taɓa, hasumiyoyin masallaci ga su nan, har unguwannin bayan gari ana gani. Ɗauka ɗaya na yi. Wata biyar da kwana goma sha ɗaya ina bin wannan hoton, ashe washegarin ruwa yake zaune.

Asabar, 21 ga Yuni

Ƙofar Mata da marinarta, wadda ake cewa tun 1498 take, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Yanzu kullum da ledoji muke fita. Babbar leda a huda ƙasanta, a zuro bakin gilashi, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, hular gilashin kuma ta tare ɗigo. Ba kyau a ido amma tana aiki, in dai yayyafi ne. Na ruwa mai ƙarfi babu dabara sai tattarawa.

Marina sun fi mu shiri. Hadari yana haɗowa, kafin mu gama naɗe waya sun kwashe shanya, sun kife kowace rijiyar baba da murfinta, ba wanda ya ɗaga murya. Muka koma wata rumfar kwano don mu ƙarasa hira da wani dattijon marini. Ruwa ya sauko. Auta ya cire iyafis ya girgiza kai. Ruwa a kan kwano ba irin rugugin iska ba ne da ake yankewa ta ƙasa, yana zaune ne daidai inda muryar mutum take, in ka cire shi ka cire maganar.

Dattijon ya ce, "Ku zo mu shiga soro." Wani tsohon zaure ne na ƙasa, rufin azara. Muna shiga ƙarar ta mutu, sai ɗan shuu daga nesa da zubar indararo a waje, wanda ma daɗi ya ƙara wa hirar. Haske ta ƙofa yake shigowa, na zaunar da shi yana fuskantarta. Ban taɓa samun sauti mai tsabta irin na yau ba, har da wanda nake yi a ƙarƙashin bargo.

A nan kuma ya ba ni abin da ban zo nema ba. Na tambaye shi yadda rufin ƙasa yake jure wannan ruwan. Ya ce ai sirrin yana cikin rijiyar da muka baro. Katsi, wato laka da ke taruwa a ƙasan rijiyar baba, shi ake ƙonawa a daka, a haɗa da gashin dabba da ruwan dafara, ya zama laso, simintin mutanen dā. Da shi ake shafe rufi da cikin rijiyoyin kansu. Bango kuma a yi masa yaɓe da makuba, ta ɓawon ɗorawa. Ya ce, "Ginin ƙasa ba ya tsoron ruwa, ɗana, sakaci yake tsoro. Dā in damina ta wuce gayya ake yi a fita gyaran ganuwa."

Na dawo gida ina juya maganar. Wata shida ina ɗaukar ganuwa a bushe, ina gudun ruwa, alhali abin da ruwa yake yi mata shi ne rabin labarinta.

Asabar, 26 ga Yuli

Wani abokina ya rage mana hanya a motarsa mai sanyi. Muna fita na ciro kyamara, gilashi ya yi fari da raɓa ciki da waje. Minti ashirin muna jira ya washe, hasken da na zo nema ya wuce. Yanzu a jaka nake barinta a rufe ta ɗan saba da iskar waje tukuna.

Da magariba mun gwada kunna fitila a Ƙofar Gadon Ƙaya. Ƙwari suka taru kamar an yi shela, kwaɗin kududdufi kuma suka karɓe sautin. Mun bar musu.

Lahadi, 17 ga Agusta

Marka. Kwana uku rana ba ta fito ba, shanya ba ta bushewa, bangon ɗakina ya jiƙe har rabi. Na ɗauko dogon gilashina da na kwana biyu ban taɓa ba, na haska shi da tocila, sai ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki. Fumfuna ce. Duhu da laima take so, ni kuma na ba ta duka biyun a cikin jakar yadi a ƙarƙashin gado. Mai gyara ya ce zai buɗe ya gwada, amma in ta riga ta ci fatar gilashin sai haƙuri.

Kowa shinkafa yake ce min, a binne kaya a cikin shinkafa. Ban yarda da ita ba, ƙurarta ma wata matsalar ce. Na sayi bokitin roba mai murfi da ke kamawa gam, na bi shagunan masu takalma da masu magani na tara ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake jefarwa, na zuba a ciki. Kayan aiki duk can suke kwana yanzu, in rana ta leƙo kuma in fito da su su sha iska.

Jiya da ruwan ya tsagaita na fita ni kaɗai, da leda da takalmin roba, na koma wani yanki na ganuwa da muka ɗauka a Janairu. Na kafa a daidai inda na kafa a wancan karon, na gane wurin da wata bishiyar darbejiya. Da dare na jera hotunan biyu a allo. A na Janairu akwai wata 'yar tsaga da ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Yanzu ta zama kwari, mutum zai iya shiga, ƙasar da ta zube ta yi tuli a gindi, jan ruwa yana gangarawa cikin kududdufi. Su kansu kududdufan nan da yawansu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, ga shi ƙasar tana komawa inda ta fito. Ba ruwa kaɗai ba ne, akwai sawun masu ɗiban ƙasa a gindin, akwai gine-ginen da suka matso har jikinta, akwai bola. Amma ruwan ne yake ƙarasa abin da aka fara.

Na soke shirin da na yi niyya a kan Sabuwar Ƙofa, zan haɗa ta da Ɗan Agundi a wani waiwaye. Gurbinta zai zama ganuwa a damina: bangon ƙurar Mayu, dattijon marina da lasonsa, sannan hotunan nan biyu gefe da gefe, ba tare da na ce komai a kansu ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Shiri tara a sama, na goma yana kan tacewa, biyu ba a ɗauka ba. Mun wuce wa'adi da wata uku da 'yan kwanaki. Asara zuwa yau: faifan haske ɗaya, lema biyu, batir ɗaya da ya kumbura a bazara, dogon gilashi yana hannun mai gyara har yanzu.

Jiya aka yi hutun Mauludi, Juma'a mai zuwa Takutaha, ranar da jama'a ke cika Dala maƙil. Ina so in rufe jerin da ita, tunda da dutsen aka buɗe. Ina bin hasashen kwana uku-uku da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ke fitarwa, amma na Juma'ar ba zai fito ba sai tsakiyar mako, kuma ko ya fito gabas zan riƙa kallo. Na riga na yi magana da mutanen zauren da suka ba mu mafaka a Mayu, sun ce ƙofa a buɗe take. Mun yi da Auta cewa tsawar farko, ko ana tsakiyar magana, shi zai fara sauka da jakar sauti, ni ina bayansa.

Abin da ya rage kafin ranar: ledoji manya guda huɗu, cajin batura tun Laraba saboda wuta ba ta da tabbas, sabuwar lema, da kai wa tela rigar makirfo ya sake ɗinke bakinta, ta fara zubar da gashi.